RIGAR DA BABANA BAI GAMA BA

Jama'a masu karatu, ni malamin makaranta ne, yau shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da alli. Abin da na saba rubutawa shi ne darasi da sakamakon jarrabawa, amma yau ina roƙo ku ara mini kunnuwanku in ba ku labarin wata riga da wani bargo. Ba don in yabi kaina zan faɗa ba, gama in kun bi ni har ƙarshe za ku ga rabona na kunya a cikin labarin ya fi na yabo yawa.

A cikin birnin Zariya aka haife ni, ni ne kuwa ɗan fari a gidanmu. Babana maɗinkin riguna ne na hannu, shi ma wurin nasa uban ya gaji sana'ar. Tun da na yi wayo, abin da na fara sani na duniya shi ne zaurenmu da hantsi. Baba na zaune bisa buzu daf da bakin ƙofa inda haske ya fi, ya ɗora riga bisa gwiwa, ya sunkuya, allura na shiga na fita. Abokansa su zo su zazzauna a yi ta taɗi, a yi gardamar farashin hatsi da ta sarauta, shi kuwa yana amsa musu da baki, idonsa bai bar yadin ba. Da ya ke ni ɗan fari ne bai taɓa kama sunana ba, sai dai in ji ya ce, "Kai, zo ka sa mini zare."

Ina da shekara bakwai ya ba ni allura da ƙyalle. Na koyi kalmasa, na koyi ɗinkin sarƙa, har na fara taɓa wuyan rigunan yara. Amma da na shiga sakandare na gamu da 'ya'yan ma'aikata, sai Shaiɗan ya raya mini cewa zaman zaure da allura aikin wanda bai yi karatu ba ne. Na riƙa kawo dalilai, yau jarrabawa, gobe ciwon kai, har Baba ya daina kirana. Ran da na tafi kwalejin horon malamai aka ba mu wata takarda mu cika, a ciki an tambayi sana'ar uba. Na daɗe riƙe da alƙalami, sa'an nan na rubuta "ɗan kasuwa". Alhali kuwa kuɗin motar da ta kai ni wurin, da na akwatin da na ke ɗauke da shi, duk daga bakin allurar nan suka fito.

YADDA A KE YIN BABBAR RIGA

To, kafin in ci gaba ya kamata in bayyana wa wanda bai taɓa zama kusa da maɗinki ba yadda a ke yin babbar riga, don kada ya zaci aikin mutum ɗaya ne. A zamanin kakanninmu, manomi ya noma auduga, mata su gurje ta su kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa ta ƙwarya-ƙwarya marasa faɗi, marini ya rina, wani ya harhaɗa ƙwaryoyin su zama riga, sa'an nan a kai wa mai zane. Mai zanen nan sau da yawa malami ne, don shi ya saba da alƙalami da tawada. Shi zai zana aska da tambari da sauran ado bisa yadin, kana maɗinki ya bi layin da allura. In an gama a kai wa masu bugu su buge ta ta yi sheƙi. Yanzu shadda ta kasuwa ta maye gurbin saƙin gida a yawancin riguna, amma zane da ɗinki suna nan a kan tsarinsu.

Kowane ado da sunansa. Askoki su ne dogayen nan masu tsini kamar bakin wuƙa da ke wajen aljihu a ƙirjin hagu, da yawansu kuwa a ke kiran rigar, a ce aska biyu ko aska takwas. Tambari shi ne da'irar nan mai naɗe-naɗe da a ke yi a ƙirjin dama, a kuma yi wata a baya. Akwai linzami a wuya, wanda ban da ado yana ƙarfafa wurin don kada ya yage, akwai gidan biyar, akwai dagi. Wahalar aikin tana wurin cikon fili. Maɗinki zai huda yadin, ya zagaye hudar da zare har ta zama ɗan ido, ya matsa ya sake wata a gefenta, haka haka har dubbai, kowace daidai da 'yar'uwarta. Shi ya sa riga ɗaya ta kan ci watanni.

Zaren da tsofaffi suka fi darajantawa shi ne tsamiya. Wasu tsutsotsi ne da ke cin ganyen itatuwa, har da na tsamiya, su taru su saƙa wa kansu gida guda. Sai a ɗebo gidan a dafa shi da ruwan toka don danƙonsa ya fita, a wanke, a shanya, a kaɗa shi kamar auduga. Ba shi da walƙiyar alharinin da fatake ke kawowa ta hamada, amma yana da ƙarko, kuma ƙara tsufa ya ke ƙara laushi.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramar sana'a ce. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a can suna kaiwa har Tarabulus da Tumbuktu. A daular Sakkwato riga ce kyautar da sarakuna ke girmama mutum da ita, har yau kuwa ba a naɗa sarauta sai da riga da rawani. Wani Bature, David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shafe shekaru yana bin maɗinka zaure-zaure, ya shirya nunin kayan fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kuma sami digirinsa na dakta a 1979 a kan ɗinkin tufafin Hausa. Ku duba fa, abin da na ji kunyar rubutawa a takarda, shi wani ya ƙetaro teku ya zama dakta a kansa.

A cikin shekarar nan ta 1851 da Barth ke yawo a kasuwar Kano, a Amurka wani mutum mai suna Isaac Singer ya sami takardar mallakar irin keken ɗinkin da ya ƙera. Sannu a hankali keke ya iso mu, daga baya aka sami mai yin ado, yanzu har akwai wanda kwamfuta ke sarrafawa. Abin da Baba zai yi wata huɗu a kansa, su kwana uku ya ishe su. Maza da yawa suka koma keke ko suka bar sana'ar, tun daga wajen shekarun 1970 kuwa matan birnin Zariya suka fara karɓar ɗinkin riguna na hannu a cikin gidajensu, abin da a dā a ke gani aikin maza ne. Baba dai bai motsa daga bisa buzunsa ba.

ALKAWARI KAYA NE

Shekarun baya kaɗan, cikin watan Rajab, wani dattijo mai sarauta daga wani gari na ƙasar Zazzau ya kawo wa Baba farar shadda, ya ce aska takwas ya ke so, ɗinkin hannu tsantsa, zai hau da ita ran Babbar Salla. Ya ba da kafin alƙalami mai kauri. Kuɗin ba su kwana da yawa ba, gama an sayi hatsi, sauran kuma suka shiga kayan ɗakin ƙanwata da aka sa wa ranar aure.

Ni a lokacin ina koyarwa a wani gari mai tafiyar sa'a biyu a mota. Da aka ba mu hutu cikin azumi na zo gida, sai na ga wani abu da ban saba gani ba. Kowace safiya wani yaron maƙwabta ya kan shigo zaure, ya sa wa allura goma zare, ya soka su a jere a gefen buzu, Baba ya ba shi ɗan abin sayen ƙosai. Na yi shiru. Da Baba ya tashi alwala sai na jawo rigar na duba. Askoki biyar an gama su, sai ka ce ba hannun mutum ya yi ba don kyau. Ta shida kuwa ɗinkin ya bar layi, ya shiga fili kamar akuyar da ta tsinke. Yadin wurin duk ya yi huji-huji, alamar an ɗinka an kwance ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Da ya komo na ce, "Baba, idon ne?"

Ya zauna, ya gyara rigar bisa gwiwa, ya ce, "Hazo ne ya yi yawa bana."

Bazara a ke ciki, rana tsaka, sararin sama fes. Nan na gane yana ce ta rufe masa ido, ya kuwa daɗe yana ɓoyewa.

Na yi lissafi irin namu na 'yan boko. Saura kwana saba'in da 'yan kai Salla. Saura askoki uku, da tambari biyu, da cikon aljihu. Mayar da kuɗi ba shi yiwuwa, gama albashina na wata uku ba zai biya su ba, balle shaddar da an riga an yanka an zane ta da tawada. Sai na ce, "Baba, ga dabara. Mu kai wa masu keke su cike sauran, akwai wanda na sani hannunsa na da kyau. Mai rigar bisa doki zai kasance, cikin ƙura da taro. Wa zai matso ya duba?"

Baba ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, "Malamin boko, in yaro ya kwafi amsa daga littafin ɗan'uwansa ya kawo maka, kana ba shi maki?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Ko da amsar daidai ce?"

Na ce, "Ko da daidai ce."

Ya ce, "To, kuɗin hannu mutumin nan ya biya. In ka ga dama ka sayar da buzun nan da ni bisansa, amma keke ba ya hawa rigar nan."

Na shiga cikin gida raina a ɓace, na tarad da Inna tana tankaɗe. Na zayyana mata kome, na ce taurin kan Baba zai ja mana abin kunya a gari. Ta bar ni na gama, sa'an nan ta ce, "Askar nan ta huɗu da ta biyar da ka ke yabo, wa ka ke zato ya yi su?" Ashe tun bara, in Baba ya shiga barci, ita ke ɗauko aikinsa ta kwance abin da ya ɓata ta sake, ta mayar da rigar yadda ya ajiye ta. Shekara da shekaru tana ɗinkin huluna tare da matan unguwa, hannunta ya faɗa. Na ce, "Ya sani?" Ta ce, "Mutumin da ya san zarensa da taɓi, a ce bai sani ba? Bai ce ba, ban ce ba. Amma azumi da hidimar bikin nan sun sa na kasa, ni kaɗai ba zan kai Salla ba." Ta dube ni ta ce, "Kai dai ka san sarƙa tun kana yaro. Ko ita ma bokon ya cinye?"

KWANCE

Washegari na ɗauki allura bayan shekara ashirin. Aka raba aiki ba tare da an yi shawara da baki ba. Inna ta ɗauki cikon idanu, ta daina ɓoyewa, ta riƙa yi da rana tsaka a tsakar gida. Ni na ɗauki sarƙar tambari da gefen askoki. Baba kuwa ya zama mai duba. Da hutu ya ƙare, kowace Juma'a da yamma sai in hau mota in zo, in koma Lahadi da dare.

Dubawar Baba ba da ido ba ce. In na yi kamar tsawon yatsa sai in miƙa masa, ya juya yadin ta baya, ya bi ɗinkin da ɗan yatsansa a hankali kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa. Sa'an nan ya ce, "Kwance." Kalma ɗaya ke nan. Kwana uku na farko ban ji wata ba.

A kwaleji an koya mana cewa malami ya fara faɗa wa yaro manufar darasi, ya bi da shi mataki-mataki, in ya yi kuskure ya nuna masa inda kuskuren ya ke da dalilinsa. Saboda haka ran na huɗu na ce, "Baba, ai sai ka gaya mini abin da ya ɓaci." Sai ya kama yatsana, ya ɗora bisa nasa ɗinkin na askar fari, ya ja shi a kai, kana ya ɗora bisa nawa. Ya ce, "Ka ji?" Wallahi na ji. Nasa sumul kamar bayan ƙwarya, nawa kuwa tudu da kwari kamar hanyar ƙauye da damina. Inda na gaji na ja zaren da ƙarfi yadin ya tattare, inda hankalina ya tafi wani wuri ɗinkin ya saki.

Daga nan ya fara sakin magana kaɗan-kaɗan. Kada zare ya wuce tsawon kamu ɗaya, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, don in ya yi tsawo ya kan gaji da ratsa yadi ya yi gashi. In ya murɗe a saki allura ta yi lilo ya warware da kansa. Ba a ƙulla ƙulli a ƙarshe, sai a cusa bakin zaren ƙarƙashin ɗinkin da ya gabata. In an zo kwanar da'ira a rage tsawon taku. In hamma ta fara zuwa a ajiye, gama abin da aka ɗinka da gyangyaɗi da safe za a kwance shi. Yatsana ya huje, ya kumbura, ya warke, ya yi kanta. Yara a aji suka riƙa tambayata abin da ya sami hannuna.

Ban ce hanyar kwaleji ba ta da amfani ba. Da Baba ya faɗa mini waɗannan tun ran farko, da ya rage mini kwana uku. Amma na lura da abu guda. Ni in yaro ya kawo mini aiki rabi da rabi, na kan ba shi maki biyar cikin goma in wuce, shi ma ya wuce, har ya gama makaranta bai taɓa yin abu ɗaya da ya cika ba. A zauren Baba babu biyar cikin goma.

Duk da haka ba mu cika alkawari ba. Salla ta zo saura tambarin baya. Na roƙi Baba mu kai ta haka nan, tun da alkyabba za ta rufe wurin, ya ƙi. Ya aika wa mai rigar da ban haƙuri, mutumin ya hau da tsohuwar rigarsa. Sai bayan Salla da kwana tara muka gama, aka kai bugu, na raka Baba muka tafi da ita.

Bayan gaisuwa Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi maka laifi biyu. Na saɓa rana, sa'an nan hannuna ka saya, ga shi na kawo maka hannu uku. Askoki uku na farko nawa ne, cikon na mai ɗakina ne, sarƙar ta yaron nan ce. Idona ya tafi. Keke dai bai taɓa ta ba."

Dattijon ya shimfiɗa rigar, ya juya ta ciki da bai, ya daɗe yana dubawa. Bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ya ce ya ji kunya ran hawa, da kuma an gaya masa tun da wuri da ya san abin da ya yi. Gaskiyarsa ce kuwa, gama ɓoyon da Baba ya yi tun farko kuskure ne. Ya karɓi rigar, ya rage kashi ɗaya cikin uku na cikon kuɗin, Baba ya yi godiya bai ƙara ko kalma ba. A mota ina ta huci, shi kuwa har da gyangyaɗinsa. Ita ce rigarsa ta ƙarshe. Bayan damina likita ya cire masa yanar ido ɗaya, ya koma yana gane mutane yana zuwa masallaci da kansa, amma kafar allura ta fi ƙarfinsa.

BARGON ƘYALLAYE

Da hunturu ya shigo sai zama ya ishe shi, ga sanyi na damunsa da dare. Wata rana Inna na share ɗakinsa ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado. Ƙyallaye ne cike, ragowar kowace riga da ya taɓa ɗinkawa cikin shekara arba'in, da guntayen da ya gwada sabon ado a kansu, har da 'yan ƙwaryoyin saƙi na zamanin kakana. Ta ce a ba masu tsumma. Ni kuwa sai na tuna da wani abu da na karanta.

A jihar Alabama ta Amurka akwai wani ƙauye na baƙaƙen fata, jikokin bayi, a wata kwanar kogi da a ke kira Gee's Bend. Talauci ya sa matansu suka riƙa yayyanka tsofaffin wandunan aiki da buhunan gari suna harhaɗawa su yi barguna saboda sanyi. A 2002 aka rataye bargunan nan a gidan nunin fasaha na Houston, daga nan aka kai su New York, masana suka yi ta mamaki, har a 2006 aka buga hotunan guda goma bisa kan sarki na gidan waya. Tun kafin su an yi wata mata a jihar Jojiya, Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a 1837. Ta ɗinka wani bargo mai ɗauke da labaran littafin addininta, aka nuna shi a 1886, daga baya babu ta sa ta sayar da shi dala biyar, amma sai da ta bayyana wa mai sayen ma'anar kowane gida. Yanzu yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washington. A ƙasar Bengal kuma mata kan jera tsofaffin zannuwa bisa juna su bi su da ƙananan ɗinki, su yi mayafi mai laushi.

Dabarar kusan ɗaya ce. Ninki uku a ke yi: fuska ta ƙyallaye, auduga a tsakiya, wani yadi a baya. Sa'an nan a ratsa su duka da allura layi-layi, don kada audugar ta gudu ta dunƙule wuri ɗaya. Layukan nan su ne ƙarfin bargon, su ne kuma adonsa, don in haske ya bugo ta gefe sai ka ga sun yi inuwa kamar kunyoyin gona.

Na kwashe duk wannan na gaya wa Baba ina ƙafafa da karatuna. Ya saurara har na gama, sai ya yi dariya ya ce, "Watau sai da ka je Amurka kana ka gano lifidi?" Kunya ta sake kama ni. Ai kuwa lifidin da a ke sa wa doki da mahayinsa haka a ke yinsa, yadi sama, yadi ƙasa, audugar rimi a tsakiya, a bi da ɗinki, fuskarsa kuma guntaye ne ja da fari da baƙi aka harhaɗa. A dā shi ke tare kibiya mai dafi. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda a ke lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Na sha ganin 'yan lifida ran hawan Salla, ban taɓa tambayar wanda ya ɗinka ba.

Muka yi bargon mu uku. Baba ke zaɓe. In ya ɗauki ƙyalle ya murza, sai ya ce, "Wannan ta liman ce, ta shekarar da aka yi fari. Wannan ta angon da ya rasu bai sa ba. Wannan da kuɗinta aka yi maka suna." Wani shuɗi ya riƙe ya daɗe, ya ce, "Wannan ita ta kai ka kwaleji." Ban gaya masa abin da na rubuta a takardar nan ba sai a daren. Ya ce, "Ai ba ka yi ƙarya ƙwarai ba, ina sayarwa." Bai sake ta da zancen ba, wannan kuwa ya fi mini zafi da a ce ya yi faɗa.

Inna ta harhaɗa fuskar, ni na bi layuka, a tsakiya kuma muka ɗora guntun tambarin da kakana ya yi da zaren tsamiya. A can gefe ɗaya akwai wani layi mai manyan taku, a karkace. Baba ne ya yi shi da basilla, da lalube. Inna ta miƙa hannu za ta gyara, na ce a bar shi. Wani abokina malamin zane ya gani ya ce wannan na bango ne, a rataye shi kamar na Amurka. Baba ya ce shi sanyi ya ke ji, ba bango ba.

Kada a ce ina zagin keke. Rigar da ke jikina yanzu ɗinkin keke ce, ba don shi ba kuwa da talaka bai sa riga mai ado ran Salla ba. Abin da na ke tsoro shi ne a wayi gari babu mai iya bambanta su, balle mai iya yi. Masu zane na alƙalami sun tsufa, yawancinsu kuwa a ka suka riƙe zanensu, ba a takarda ba.

Saboda haka yanzu kowace Alhamis bayan an tashi na kan zauna da yaran ajina da suka ga dama, maza da mata, kowa da allura da ƙyalle. Waɗansu iyaye sun zo sun ce su boko suka kawo 'ya'yansu, ba teloli suke so a mayar musu da su ba. Na ba su haƙuri, wanda ya ƙi na sallami ɗansa, saura goma sha huɗu. Ina roƙon 'yan'uwana malamai, duk wanda ke da tsohon maɗinki ko mai zane a unguwarsu, ya sayi takarda mai faɗi ya kai masa ya zana askokinsa da tambarinsa, a rubuta sunan kowane ado a ƙarƙashi, a ajiye. Kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Ranar Asabar mai zuwa zan kai wa Baba ƙyallayen yaran nan goma sha huɗu ya bi su da yatsa. Na riga na gaya musu kalmar da za su ji, don kada wani ya yi kuka. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya sa mu gama da su lafiya, amin.